Me Ya Sa Ba A Damƙa Wa Kwamfuta Ɗaya Ragamar Matatar Mai?

Shekara biyu da suka wuce na yi wa kawuna wani aiki da nake ta taƙama da shi a lokacin. Yana da rijiyar burtsatse a gida da tankin sama, kuma kullum rigimar gidan ita ce wa ya manta bai kashe injin ba. Sai na sayo ɗan allon nan na ESP32, na ɗaura ma'auni a bakin tankin, na rubuta manhaja. Ma'aunin zai aika da yawan ruwan zuwa wata babbar kwamfuta da na kama haya a Jamus, irin wadda muke kira saba. Ita sabar ce za ta duba, in tanki ya cika ta turo umarni a kashe injin. Kawu kuma yana kallon komai a wayarsa. Wata uku abin na tafiya lafiya lau.

Wata rana da tsakar dare aka kawo wuta, sabar ta ba da umarni injin ya tashi, can kuma sabis ya ɗauke. Umarnin kashewa bai iso ba. Kafin asuba ruwa ya malale tsakar gida, ya shiga ɗakin ajiya ya jiƙa buhunan masara. Da na zo da safe ina kame-kame, Kawu ya dube ni ya ce, "Yanzu kai Injiniya, tankin da ke bisa kaina ne ba za a san ya cika ba sai an tambayo Turai?"

Wannan tambayar ce ta kai ni karatun yadda manyan masana'antu ke tsara kwamfutocinsu. Domin in tankin gida ya yi ambaliya masara ce ta jiƙe, amma matatar mai irin ta Dangote da ke Lekki, wadda aka gina don tace ganga 650,000 a rana, ko ta Kaduna, ko ta Zinder, abin da ke gudana a bututunsu mai ne mai zafi da iskar gas. Can ba a cewa "bari sabis ya dawo".

An taɓa gwada kwamfuta ɗaya

A watan Maris na 1959 kamfanin Texaco ya haɗa kwamfuta mai suna RW-300 da wani sashe na matatarsa da ke Port Arthur a jihar Texas ta Amurka. Ana lissafa wannan a matsayin farkon shigar kwamfuta aikin sarrafa masana'anta. Sai dai ba a sakar mata komai ba. Lissafi take yi ta faɗi inda ya kamata zafi da gudun ruwa su tsaya, tsofaffin na'urori kuma su ci gaba da riƙe bawul-bawul.

A 1962 kamfanin ICI na Ingila ya ƙara gaba. A wata masana'antarsa da ke Fleetwood ya sa kwamfutar Ferranti Argus ta riƙa karanta ma'aunai sama da 200 tana juya bawul sama da 100 da kanta. Dalilin a fili yake: kwamfuta a lokacin tsada gare ta, wanda ya samu ɗaya dole ya ɗora mata duk kayan da za ta iya ɗauka. Matsalar ma a fili take. Ranar da ta tsaya, masana'anta gaba ɗaya ta makance lokaci guda. Shi ya sa masana'antu da yawa da suka bi wannan hanya suka ajiye tsofaffin na'urorin a gefe saboda ko-ta-kwana, wato an biya kuɗi sau biyu.

Abin da ya sauya lissafin shi ne fitowar ƙananan ƙwaƙwalen kwamfuta masu araha a farkon shekarun 1970. A 1975 Honeywell na Amurka ya fito da TDC 2000, Yokogawa na Japan ya fito da CENTUM. Maimakon ƙatuwar kwamfuta ɗaya, sai aka rarraba aikin ga ƙananan kwamfutoci masu yawa, kowace da ɗan yankinta, aka haɗa su da wayar sadarwa, aka ba ma'aikata allo suna kallo. Ita wannan ƙaramar kwamfutar ana ce mata kwanturola (ba na kwastam ba). Ta TDC 2000 aiki takwas kacal take riƙewa. In ta mutu, takwas ɗin ne suka shiga matsala, sauran masana'anta na nan. Wannan tsari shi ake kira DCS a taƙaice, ma'anarsa rarrababben tsarin sarrafawa, kuma har yau a kansa ake.

Auna, kwatanta, gyara

Me kwanturola ke yi? Ɗauki tanderun da ke dafa ɗanyen mai kafin ya shiga hasumiyar tacewa. Ana son man ya fito da zafin kusan digiri 350. Akwai ma'aunin zafi a bakin bututu, akwai bawul da ke sakin makamashi zuwa wuta. Kwanturola ta karanta ma'auni, ta kwatanta da lambar da aka ba ta, ta ɗan buɗe bawul ko ta ɗan rufe, ta sake komawa farko. Wannan shi ne zagaye ɗaya. Babbar matata tana da irinsa dubbai.

Lissafin da yawancinsu ke amfani da shi ana kiransa PID, kuma ya girmi kwamfuta. Wani injiniya mai suna Nicolas Minorsky ya rubuta ka'idarsa a 1922 bayan ya lura da yadda matuƙan jirgin ruwa ke riƙe sitiyari. Duk direban kirki yana yin haka bai sani ba. Yana duba nisan da mota ta kauce daga layi yanzu. Yana lura in ta daɗe tana jan gefe guda, ya ƙara mata hannu. Sannan yana duba saurin da take kaucewa, don ya fara sassautawa tun kafin ta wuce gona da iri. Abu uku ke nan, su ne haruffan uku.

Akwai wata dabara a nan da ke burge ni ƙwarai. Ma'aunai da yawa suna aika saƙonsu ta hanyar ƙarfin lantarkin da ke bin waya, daga mili-amfiya 4 zuwa 20. Tanki babu komai, 4. Tanki ya cika, 20. Me ya sa ba a fara daga sifili ba? Saboda in waya ta tsinke sifili za a gani, kwanturola kuma nan take za ta gane cewa ba tankin ne ya bushe ba, ma'aunin ne ya mutu. Manhajata ta gidan Kawu ba ta san bambancin "babu sabon labari" da "komai lafiya" ba.

Hawa-hawa, kowa da agogonsa

Mu masu rubuta manhajar waya in muka ji an ce rarraba aiki, abin da ke zuwa mana shi ne saba dubu suna raba wa juna masu amfani da WhatsApp. A masana'anta rabon ya bi lokaci ne: wane hukunci ne ba zai iya jira ba, wane ne zai iya?

A can ƙasa akwai ma'aunai da bawul da injina. Sama da su kwanturololi, masu zagayawa sau ɗaya zuwa sau goma a kowane sakan. Akwai 'yar'uwarsu PLC, wadda ta samo asali daga buƙatar kamfanin motoci na General Motors a 1968, ita a milisakan ake auna zagayenta, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Sama da nan ɗakin ma'aikata da allunansu da kwamfutar da ke adana tarihin kowane ma'auni. Sama kuma manhajojin neman riba, masu lissafi sau ɗaya a minti ko a awa. A ƙoli ofis ne, inda ake tsara wane ɗanyen mai za a saya wata mai zuwa. Wannan jeri ya shahara da sunan tsarin Purdue, daga jami'ar Amurka da aka tsara shi a farkon shekarun 1990.

Ƙa'idar da ta riƙe ginin duka ita ce: na sama yana gaya wa na ƙasa inda ake so a je, amma na ƙasa ba ya jiran na sama kafin ya yi aikinsa. Allon ma'aikaci ya mutu, kwanturola na ci gaba da riƙe digiri 350. Intanet ya yanke, ba ta ma san an yi ba.

Wani zai ce ai intanet yanzu da sauri. Gaskiya ne, saƙona kan je Jamus ya dawo cikin milisakan ɗari da wani abu in sabis na da kyau. Amma kwanturola ba matsakaicin sauri take nema ba, alkawari take nema. Saƙon da ke isowa da wuri sau dubu, sau ɗaya kuma ya yi minti biyar a hanya, ya wadatar da mai kallon TikTok. Bai wadatar da tukunyar tururi ba.

Inda kuɗin yake

Yanzu mu hau benen da ya fi ba ni sha'awa. Kowace kwanturola aikinta kawai ta sani. Amma a hasumiyar tacewa komai a ɗaure yake da komai. Ɗanyen mai ya shiga da zafi, mai sauƙi ya tashi sama, iskar gas da abin da za a yi fetur da shi su fita ta can ƙoli, kananzir a ƙasa da su, dizal ƙasa da shi, baƙin mai ya kwanta a gindi. Ka ƙara jan dizal kaɗan, ingancinsa ya sauya, na maƙwabcinsa ma ya motsa. Kuma ba nan take za ka gani ba, sai bayan mintuna da yawa. Kamar ka juya sitiyari yanzu, mota ta amsa bayan ka wuce gari biyu.

Ma'aikacin da ke zaune gaban allo mutum ne, yana da hankali, don haka yana nisantar iyaka. In doka ta ce kada zafin bututun tanderu ya wuce kaza, zai tsaya can baya sosai don ya samu kwanciyar rai. Ba laifinsa ba ne. Sai dai a wannan tazarar da ya bari riba take. Ko kashi ɗaya cikin ɗari na baƙin mai aka mayar dizal, a matatar da ke cin dubban ɗaruruwan ganguna kullum, ka yi lissafin shekara da kanka.

Maganin da aka samo a ƙarshen shekarun 1970 shi ake kira MPC, sarrafawa ta hanyar hasashe. Jacques Richalet da abokan aikinsa a Faransa sun fito da nasu, Charles Cutler da abokansa a kamfanin Shell sun fito da nasu mai suna DMC. Da farko injiniyoyi za su yi kwanaki suna ɗan taɓa masana'antar da gangan: su ƙara wannan kaɗan su rubuta yadda komai ya amsa, su rage wancan su sake rubutawa. Daga nan a gina kwaikwayon hasumiyar a cikin lissafi. To, kowane minti manhajar za ta karɓi halin da ake ciki, ta hango awa ɗaya ko fiye a gaba, ta nemo jerin matakan da za su fi kawo riba ba tare da an taka wata iyaka ba. Sai ta aiwatar da matakin farko kaɗai, ta watsar da sauran, minti na gaba ta sake lissafi daga tushe. In ka taɓa kauce wa hanyar da Google Maps ya zana maka ka ga ya sake zana wata daga inda kake, ka fahimci ruhin abin.

Sama da MPC akwai wata manhajar da ta fi ta nauyi, mai duba farashin kaya da kuɗin makamashi, tana gudu duk bayan awa ɗaya ko 'yan awoyi ta gaya wa MPC inda ya fi riba a dosa.

Ga abin lura. Duk wayon MPC, a yadda aka saba tsarawa ba ta taɓa bawul da hannunta. Tana zaune a wata saba daban, abin da take aikawa ƙasa lambobi ne: ke kwanturola ta tanderu, koma 352. Kuma tsakaninsu akwai wata 'yar alama da take aikawa a kai a kai, kamar bugun zuciya. Kwanturola ta ji shiru na wani lokaci, sai ta daina sauraren sama, ta riƙe lambar ƙarshe ko wadda aka tanada, ta sanar da ma'aikaci. Riba ta ragu a ranar, amma ba abin da ya ƙone. A ganina wannan shi ne mafi kyawun darasi ga duk mai rubuta manhaja: ɓangaren da ya fi wayo shi ne ya fi saurin lalacewa, don haka shi ake ajiyewa inda mutuwarsa ba za ta ja kowa ba.

Na biyu ma yana iya faɗuwa

A DCS kusan komai biyu ne: kwanturola biyu, wayar sadarwa biyu, wutar lantarki biyu. Ɗaya na aiki, ɗaya na kwafar duk abin da take yi tana jira. Da wuya a nan shi ne kada wayar da ke tsakaninsu ta yanke kowace ta ɗauka 'yar'uwarta ta mutu, a wayi gari da sarki biyu a gari ɗaya suna ba bawul ɗaya umarni biyu. Yawancin wahalar gina irin wannan tsari a nan take.

Kuma ajiye na biyu ba ya maganin kuskuren da ke cikin manhajar kanta. Misalin da aka fi karantawa daga harkar wutar lantarki ya fito, inda ake amfani da ɗan'uwan DCS mai suna SCADA don lura da layukan da suka bazu a faɗin ƙasa. Ranar 14 ga Agusta 2003, a ɗakin lura na kamfanin FirstEnergy da ke jihar Ohio, manhajar da ke buga ƙararrawa ta cije jim kaɗan bayan ƙarfe biyu na rana. Ɓangarori biyu na manhajar ne suka yi karo wajen rubutu a wuri guda. Ba ta mutu da ihu ba, shiru kawai ta yi. Saƙonni suka taru har sabar ta faɗi, ta biyu ta karɓa, ta gaji cijewar, ita ma ta faɗi bayan 'yan mintuna. Fiye da awa ɗaya ma'aikata na ganin babu ƙararrawa suna zaton lafiya, alhali manyan layukan wuta na taɓa bishiyoyi suna fita ɗaya bayan ɗaya. Kafin yamma mutane kusan miliyan 50 a Amurka da Kanada sun rasa wuta. Masu bincike ma sun sha wahalar jera abin da ya fara faruwa, saboda agogunan na'urorin kamfanoni daban-daban ba su yi daidai da juna ba.

Yawan ƙararrawa ma bala'i ne. A fashewar matatar Milford Haven ta Birtaniya a 1994, ma'aikata biyu sun fuskanci ƙararrawa 275 cikin minti 11 na ƙarshe. Kai da saƙonnin guruf-guruf suka hana ka ganin kiran mahaifiyarka, ka san yadda abin yake.

Saboda irin wannan ne ake ajiye wani tsari daban gaba ɗaya wanda ba ruwansa da riba, aikinsa kashewa ne kawai. Yana da nasa ma'aunai, nasa bawul, nasa kwamfuta. Wasu irinsa, kamar Triconex, ƙwaƙwalwa uku gare su da ke lissafi ɗaya a lokaci guda, a ɗauki abin da biyu suka yarda da shi. A ƙasa da wannan ma akwai ƙarfe zalla: bawul ɗin makamashi an ƙera shi ne da sifirin da zai rufe shi da kansa in iska ko wuta ta ɗauke, na ruwan sanyaya kuma ya buɗe.

Yaren da suke ji

Duk waɗannan na'urori sai da yare ɗaya suke fahimtar juna. Modbus, wanda kamfanin Modicon ya fitar a 1979, har gobe ana amfani da shi, har a inbatocin sola da yawa da ke gidajenmu. Sauƙi gare shi, amma ba ya tambayar waye kai. Duk wanda ya samu hanyar shiga wayar, umarninsa umarni ne. An ƙirƙire shi lokacin da ba wanda ya yi tunanin za a haɗa masana'anta da duniyar waje. OPC UA da ya zo daga baya ya shigo da tantancewa da ɓoye saƙo.

Wanda ya fi kusa da aljihunka shi ne MQTT. Andy Stanford-Clark na IBM da Arlen Nipper suka ƙirƙire shi a 1999 don lura da bututun mai ta tauraron ɗan'adam, inda data ke da tsadar gaske kuma layi ke yawan yankewa. Matsalarmu ke nan sak, shi ya sa Facebook ya ɗauke shi don Messenger a 2011. A cikinsa akwai abin da ake kira wasiyya: na'ura tana barin saƙo tun farko cewa in aka ji ta ɓace ba sallama, a sanar da kowa ta mutu.

Haɗa benen ƙasa da na sama ya kawo riba, ya kuma buɗe ƙofa. A 2010 aka gano Stuxnet, wadda ta shiga kwanturololin Siemens a cibiyar nukiliyar Natanz ta Iran tana lalata injina tana nuna wa ma'aikata cewa komai daidai. A 2017 wata mai suna Triton ta kai ga tsarin kariya na Triconex a wata masana'antar sinadarai a Saudiyya. Abin da ya tona asirinta shi ne na'urorin sun ga abin da bai yi musu daidai ba, suka yi abin da aka gina su don shi, suka kashe masana'antar. Shi ya sa ake gina katanga tsakanin hawa da hawa, a wasu wuraren ma a sa na'urar da ke barin bayani ya fita amma ba abin da zai shigo.

Na koma gidan Kawu bayan mako biyu. Hukuncin kunnawa da kashewa na sauko da shi cikin ESP32 ɗin kansa, ko da sabis ko babu. In ma'auni ya yi shiru na sakan goma, injin ya tsaya. In injin ya yi minti arba'in yana aiki, ya tsaya ko me ma'auni ke faɗa, domin tankin bai taɓa wuce rabin awa bai cika ba. Sabar Jamus ta koma adana tarihi da ba da shawarar lokacin da ya fi dacewa a ja ruwa, wayar Kawu kuma tana nuna ja in wasiyyar allon ta iso. Sannan na kira mai gyaran wuta ya saka makunnin nan mai yawo a kan ruwa, ya haɗa shi kai tsaye da abin da ke ba injin wuta, ba tare da ya bi ta manhajata ba.

Mai son gwadawa ba sai ya sayi komai ba da farko. OpenPLC da Node-RED da Mosquitto duk kyauta ne, suna gudu a tsohuwar laftof, akwai kuma manhajojin MQTT na Android da za ka riƙa ganin saƙonnin a wayarka. Ka gina tankin ƙarya a lissafi, ka sa kwanturola ta riƙe shi, sannan ka zare wayar sadarwar da gangan ka ga abin da zai faru. Ɓangaren wutar gida mai ƙarfin 220 kuwa, ka bar wa wanda ya koye ta.